Ranar da Kwabban Tsoho Suka Dawo Gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƴan'uwa na guruf ɗinmu na waya, kun ga sanarwa, kun yi addu'a, Allah ya ba da lada. Amma da yawanku ba ku samu zuwa Dungas ba, wasu ma hoton Kaka na Sallah kawai kuka sani. Shi ya sa na zauna da wayata in rubuta muku. Doguwa ce fa. Ku sa waya a sharji.

Bari in fara da abin da ya faru a zaman makoki, don shi ya hana ni yin shiru.

An dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An aje faranti a bakin zaure, mai niyya ya jefa abin da ya sawwaƙa na gudummawa, a kai wa mata ciki don hatsin sadaka. Sai ga tsofaffi sun fara sauka. Wani a kabu-kabu, wani a amalanken jaki, wasu mota ta zubo su daga Waca da Kwaya. Kowa ya yi gaisuwa, ya shafa addu'a, ya lalubi aljihu ya saki abu a faranti. Ƙwal. Ƙwal. Ba wanda ya kula.

Aka shiga da faranti. Ba a jima ba sai ga Gwaggo, ƙanwar babana, ta tsaya a bakin zaure, mayafi a karkace, ido jawur.

"Wai wane ne ke mana ba'a a gidan mutuwa? Ku duba! Kwabo mai huji! Anini! Wannan ko ɗan ƙuli ba ya saye. Babanmu ne fa ya rasu!"

Kowa ya juyo. Baffa, yayan babana, ya karɓi farantin yana juya kuɗin da yatsa. Sai wani tsoho daga Kwaya, haƙoransa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, ya ce, "Ɗiyata, ba gudummawa ba ce. Gudummawata tana ɗayan aljihun. Wannan nasa ne. Ziyara ya zo wajena, na dawo da shi gida."

Gwaggo ta duba farantin, ta duba tsohon. Ta zauna nan a dokin ƙofa ta rufe fuska. Tsofaffin da suka daure tun maƙabarta, a nan suka karye. Ni ma na sa hannu a aljihun wandona, don akwai tamma ɗaya a ciki, tsohon faran guda na zamanin Faransa, wadda Kaka ya ba ni zuwana na ƙarshe.

To ga bayanin, don na san matasan guruf kun fara tambaya.

Kaka manomi ne. Gero, gyaɗa, wake, shi ke nan. Amma yana da wani gwangwanin madara babba, cike da kuɗin da suka daina aiki. Kun san garinmu bakin iyaka ne, kuɗin can da na nan duk sun bi ta hannun mutane. Akwai kwabo mai huji, anini, sisi, sule, tamma, tsofaffin dala, har da wuri ɗaure a tsumma. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Musaya kawai, ko kyauta. Ran kasuwar Dungas, bayan la'asar, sai a shimfiɗa tabarma gindin dalbejiyar ƙofar gida, a ɗora shayi, tsofaffi su kewaye gwangwani. Fadarsa ke nan.

In ka kawo masa kuɗi, ba ya fara duba kuɗin. Kai yake dubawa. "Zauna tukuna," in ji shi. In ka zauna sai ya ce, "Hannun wa?" Wato daga wa ya fito, ina ka samo shi, wa ya riƙe shi kafin kai. In ka ce a ƙasa ka tsinta, sai ya ce ƙasar gonar wa. Ba ya karatun boko, bai damu da shekarar da ke jikin kuɗin ba. Na taɓa karanta masa shekarar wani sule, ina jin kaina ɗan lakwal mai boko. Ya ce, "To. Shekarar ta san sunan matar da ta ɓoye shi a cikin tukunyar daddawa? Ni na sani."

Sai kuma ziyara. In za a tashi, sai ya zaɓi kuɗi ɗaya ya danƙa maka. "Ya je ya kwana biyu a gidanku. Ran kasuwa ka dawo da shi." Sharaɗin ɗaya ne: ba aike. Da ƙafarka za ka kawo. Ka ba direba ya kawo, to zai mayar maka ta hannun direban nan, da saƙon cewa kuɗin ya ce bai san wannan mutumin ba. In ka kawo, ya karɓa, ya ba ka wani. Haka za ka yi ta zuwa har abada.

Ni da shi wasan jika da kaka muke. Tsoho nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɓarawon matata", wai ina yi wa Iya, kakarmu, sayayya don in ƙwace ta. Da na samu aiki a Damagaram na zo sallama, bai yi mini wa'azi ba. Ya miƙo mini anini.

Na ce, "Tsoho, guzurin ke nan? Rowa har da jika?"

Ya ce, "Ai ba naka ba ne, ɓarawo. Aro ne. Mutanen birni mantuwa gare su, shi ya sa na ba ka ƙarami, ko ka cinye ba asara."

Haka na riƙa zuwa. Wata rana mota ta lalace a hanyar Magariya, in iso da ƙura har gashin ido, duk don in mayar da ƙarfen da ko mai goro ba zai karɓa ba. In zauna, in sha shayi, in gaida Iya, in ga kowa. Sai daga baya na gane ni ne ake mayarwa gida.

Akwai labarin ƙyaure, Iya har yanzu ba ta huce ba. Ya je gaisuwar suna Kwaya, sai ya ga wani tsohon ƙyauren langa-langa. Wanda ya yi shi ya sa kwabbai masu huji ƙarƙashin kan ƙusoshi don kada su yage kwanon. Kaka ya tsaya gaban ƙyauren nan kamar ya ga ɗan'uwa a ɗaure. Mai gidan ya ce ya ɓamɓare ya tafi da su. Kaka ya ce a'a, in ya ɓamɓare ƙofar za ta faɗi. Washegari ya cire sabon ƙyauren ɗakin Iya, ya ɗora a amalanke, ya je ya yi musaya.

Iya ta ce, "Malam, sabon ƙyaurena ka bayar ka kawo mini wannan mai tsatsa? Kaji ma sai su shiga ta ƙasa!"

Ya ce, "Ke ba ki ga kuɗi a jiki ba? Wace mace ce a garin nan ke rufe ɗaki da kuɗi?"

Ta yi kwanaki tana dama masa fura ba nono. Shi kuwa mai ƙyauren, tun daga ranar ya zama ɗan fada. Shi ne tsohon da ya ba Gwaggo amsa.

Yana da faɗa fa, kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Amininsa na Waca, wanda muke kira Baban Waca, tun suna samari suke tare. Wata rana Kaka ya ba shi sule ziyara. Baban Waca ya ga ya yi baƙi, ya ce bari ya yi abin kirki. Ya samu toka da lemun tsami ya goge shi tas, ya kawo yana walƙiya, yana jiran godiya.

Kaka ya juya sulen ya ce, "Wannan na wa?"

"Naka mana. Wanka na yi masa."

"Wanka? Hannun mutane ka wanke! Guminsu ne wannan baƙin. Uban wa ya aike ka?"

"Kai dai ba ka da godiya. Tsohon banza mai tara datti!"

"Tashi mini daga tabarma, mai wankin kuɗi!"

Baban Waca ya tashi ya kaɗe riga. Damina guda ba su yi magana ba. Kowa ya yi ƙoƙarin sulhu, Kaka ya ƙi. Taurin kai gare shi, ku da kuka gada kun san kanku. Sai da aka ce Baban Waca na kwance, ƙafa ta kumbura. Kaka ya hau kabu-kabu, mutumin da ke tsoron babur kamar me. Ya shiga ɗakin, bai ce yi haƙuri ba, bai ce sannu ba. Ya aje masa kwabo a kan filo ya ce, "Ran kasuwa. Kuma in ka wanke wannan sai na wanke ka." Baban Waca ya ce dariya ce ta tashe shi, ba allurar likita ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne na maƙwabcinmu. Ya tafi Libiya neman kuɗi, ya sayar da awakin uwarsa ya yi kuɗin hanya. Ya daɗe, ya dawo ba komai, sai rigar jikinsa. Kunya ta sa ya shige ɗaki. Ba masallaci, ba kasuwa. Mutane na ta gulma. Kaka ya ɗauki sandarsa ya je ya buga masa ƙofa.

"An ce ka dawo da dukiya ka ɓoye."

"Baba, kada ka yi mini dariya. Wallahi ba ni da ko dala."

"Wa ya tambaye ka dala? Juye aljihun nan."

Ya juye. Ƴan ƙananan kuɗin can suka zubo, irin waɗanda ba mai canji da zai kalla. Kaka ya tsince su ɗaya ɗaya. Ya ce, "Ba mu da irin wannan. Amma ba na karɓa a ɗaki. Ka kawo fada ka gaya mana hannun wa."

Ran kasuwa ya fito, kai a ƙasa. Kaka ya zaunar da shi kusa da shi, wurin manyan baƙi. Maƙwabcin ya ba da labarin mai gidan burodin da ya ba shi kuɗin, da sahara, da abokin da bai dawo ba. Tsofaffi suka kasa kunne. Ba wanda ya tambaye shi me ya samo. Tun ranar shi ke dafa shayin fada, yanzu yana da iyali da ɗan teburinsa a kasuwa. Ranar jana'iza shi ya fara shiga kabari ya karɓi gawa.

To, yanzu ga inda magana take.

Bayan sadakar bakwai Baffa ya tara mu. Ya ce akwai wani mai sayen kayan da, daga ƙetaren iyaka, ya daɗe yana bin gwangwanin nan, ya sake bugo waya. Ya ce a sayar a raba, gado haƙƙin Allah ne, ga rufin ɗakin Iya yana yoyo. Kada ku zagi Baffa, maganarsa ba ƙarya. Shekarunsa ya yi yana tuƙin babbar mota, bai taɓa zama fadar nan ba, a wajensa wasan tsofaffi ne.

Ni kuma kun san matsayina. Babana ya riga Kaka tafiya, ba ni da ko anini a gadon nan. Baki kawai gare ni, shi na yi amfani da shi.

Na ce, "Baffa, in gwangwanin nan ya tafi, fada ta tashi. Tsofaffin nan ba abin da zai sake fito da su."

Ya ce, "Wa zai zauna musu? Kai? Kana can Damagaram kana latsa waya."

Na ce, "Zan zo."

"Sau nawa? Ɗana, mai abu ya tafi da abinsa. Ƙarfe ne ya rage."

Matsala ɗaya ta tsayar da cinikin. Abin da mai sayen ya fi so shi ne wata babbar azurfa mai hoton kan mace, tsofaffi na ce mata liyari. Aka zazzage gwangwani, aka duba na faranti, babu ita. Tana wajen Baban Waca. Ya zo gaisuwa, ya yi kuka, amma bai sa komai a faranti ba.

Baffa ya kira shi, ya sa a lasifika muna ji. "Baba, kayan marigayi muke tarawa."

Baban Waca ya ce, "Tana nan, ba ta ɓata ba. Amma wanda ya ba ni ya ce ran kasuwa, a fada. Bai ce a gidan makoki ba, bai ce ta waya ba. In akwai fada ran kasuwa, in kawo. In babu, ku jira in bi shi, sai ku zo ku ɗauka ƙarƙashin filona."

Ya kashe. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai ka kitsa wannan." Wallahi ba ni ba ne. Amma na ga ƙofa, na shiga.

Na koma Damagaram na roƙi mai gidana kwanje, wato hutun aiki. Na bi lambobin tsofaffin nan ta wayoyin jikokinsu, na yi ta tura vokal, saƙon murya: fada na nan, a zo. Na sayi ganyen shayi da sukari. Gwaggo, wadda ta yi faɗan faranti, ita ta share gindin dalbejiya da kanta.

Ran kasuwa bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma. Maƙwabcinmu ya hura gawayi. Muka zauna mu biyu muna kallon hanya. In ba wanda ya zo, Baffa ya yi gaskiya ke nan. Sai ga mai ƙyauren Kwaya a amalanke. Sai wani. Sai wasu biyu a babur ɗaya suna zagin mai tuƙi. Tabarma ta cika, aka bar wurin Kaka ba kowa, gwangwani a kai. Can sai ga Baban Waca da sanda.

Baffa ya fito ya tsaya, makullin babur a hannu. "Baba, ga ni. A ba ni in wuce."

Baban Waca ya ce, "Zauna tukuna."

"Sauri nake."

"Ubanka ma da ya fi ka taurin kai zaune yake karɓa. Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma, rabin jiki a ƙasa. Baban Waca ya kwance ƙullin tsumma ya fito da liyari, baƙa ƙirin, da ɗan kunne a sama inda ake zura zare. Ya ce, "Ban wanke ba, ku shaida." Aka yi dariya. Sai ya dubi Baffa. "Ba ka tambaya ba."

"Me?"

"Abin da ake tambaya."

Baffa ya yi tsaki a hankali. Ya ce, "To. Hannun wa?"

"Hannun kakarka, uwar uwarka. Ita ta rataya wa uwarka a wuya. Wata shekarar yunwa kana jariri, nonon uwarka ya ƙafe, ka koma kamar tsinke. Ta cire wannan ta ba wata Bafillatana, ita kuma ta riƙa kawo madara kullum har ka tashi. Ubanka ya riƙe abin a ransa. Da aka samu sauƙi ya shiga nema. Kasuwa kasuwa, ni ke raka shi. Duk mai tsohon kuɗi sai ya tsaya ya tambaye shi daga hannun wa ya samu, ko zai kai shi ga wannan. Kafin ya same ta, gwangwani ya cika, abokai sun cika. Ya same ta wajen wani maƙeri, saura kaɗan a narka ta. Ragonsa ya bayar. Ya kai wa uwarka, ta ce ya riƙe, ita ta riga ta bayar."

Sai muka ji muryar Iya daga bayan katanga, tana cikin takaba amma kunnenta na waje. "Kuma ragon nawa ne! Ku faɗi gaskiya!"

Fada ta fashe da dariya, wasu na share ido. Baffa bai yi dariya ba. Ya riƙe liyarin a tafin hannu ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga murya ya ce, "Iya, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "Ka taɓa zama?"

Ya sa liyarin a aljihun gaba ya miƙe. Baban Waca ya ce, "Ziyara ce fa. Ran kasuwa ka dawo da ita."

Baffa ya ce, "Kayan ubana za ka ba ni aro?"

"Haka dokar take. Ba ni na kafa ba."

Baffa ya juya. Ya tada babur ya tafi.

Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Liman ya ce in duk magada sun yarda, gwangwani zai iya zama na kowa ba a raba ba. Iya ta yarda, Gwaggo ta yarda. Baffa ya ce wa mai sayen "ba yanzu ba". Na ji da kunnena, bai ce "ba za a sayar ba". Rufin Iya kuma gaskiya yana yoyo, mu jikoki mun ɗauki wannan a kanmu kafin ruwa ya sauka, masu niyya ku same ni ta gefe.

Ni dai na yanke. Duk ran kasuwar da Allah ya ba ni iko, ina Dungas. Wanda ya san akwai kuɗin Kaka a durowarsa, a Yamai kake ko a Kano, kada ka ba direba. Ka kawo da ƙafarka.

Kasuwar da ta wuce mota ta makarar da ni. Na sauka daga kabu-kabu da gudu, ina tunanin ba wanda ya fitar da tabarma. Na tarar an shimfiɗa. Baffa ne zaune, ba a wurin Kaka ba, kusa da wurin dai, yana yi wa mai shayi faɗa wai sukari ya yi kaɗan. Liyari na kan gwangwani. Na fito da tammata na miƙa masa a tsaye, ina haki.

Bai karɓa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Zauna tukuna."

Allah ya jiƙan Tsoho, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa faɗansa da taurin kansa, ya ba Iya haƙuri. Yadda ya tara mutane a inuwa ɗaya, Allah ya tara shi da mutanen kirki a inuwar da ta fi wannan. Amin.